Gilashin Da Ke Cike Gurbin Ƙashi

Jama'a, kun san ƙashi in ya karye aka daidaita shi aka ɗaure, shi da kansa ya ke haɗewa. Maɗori da likita riƙe shi kawai su ke yi wuri ɗaya. Amma akwai karayar da ɗori ba ya isarta, watau wadda guntun ƙashi ya fita ɗungum, ko ciwo ya cinye shi ya bar rami. Abin da likitoci suka saba yi shi ne su yanko ɗan ƙashi daga ƙugun majiyyaci su cike gurbin. Yana yi, amma fa yanka biyu ke nan, ciwo biyu.

A shekarar 1969 wani masani a Jami'ar Fulorida ta Amurka, Larry Hench, ya narka wani irin gilashi. Kashi 45 cikin ɗari sinadarin yashi ne, sauran kuwa sinadarin alli da na kanwa da ɗan fosfaras. Da aka sa shi a ƙashin ɓera, jiki bai ƙi shi ba. Ruwan jiki ya riƙa narkar da bayansa kaɗan kaɗan, wani ɓawo irin ma'adinin ƙashi ya fito masa, ƙashi ya kama shi kam. Yanzu likitocin haƙori suna cike ramin muƙamuƙi da garinsa.

Aibinsa ɗaya, gilashi ne, ba ya lanƙwasa sai ya fashe. Don haka masana su ke gauraya garinsa da wata irin roba da a ke yi daga sitacin masara ko rake. Robar nan tana narkewa cikin jiki sannu a hankali, ta koma tsami irin na nono, sa'an nan jiki ya fitar da shi. In ita kaɗai ce, tsamin ya kan taru ya sa kumburi. To, gilashin ne ke kashe shi, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin miya. Ita kuma tana rage masa saurin fashewa. A kan yi haɗin da huji huji kamar soso, domin jijiyoyin jini su ratsa ciki. Wuyar aikin ita ce auna lokaci: in ya narke da wuri gurbi ya rufta, in ya daɗe ya tare wa sabon ƙashi hanya. Saboda haka har yanzu ƙashin da ke ɗauke da nauyi, kamar na cinya, ƙarfe a ke sa masa.

Kada wani ya ji wannan ya daka kwalba ya zuba a rauni. Kwalba ba ta narkewa, yanka za ta yi. In ƙashi ya karye har ya huda fata, ku rufe wurin da tsumma mai tsabta, ku ɗaura kara ba da tamkewa ba, ku kai mutum asibiti ran nan. In kun ga yatsu sun yi sanyi ko sun baƙanta bayan ɗori, ku sassauta ɗaurin nan da nan ku nufi ɗakin magani.