Kiɗan Jos Da Aka Rubuta Wa Sunan Legas

A 2001 wani kamfanin waƙoƙi na Landan mai suna Strut ya fitar da tarin tsofaffin kaɗe-kaɗen Najeriya da ya kira Nigeria 70, ya kuma rubuta a jikin faifan cewa labarin kiɗan Legas ne na shekarun 1970. Amma duk wanda ya duba jerin makaɗan zai ga sunan Sahara All Stars Band Jos da waƙarsu "Enjoy Yourself", zai kuma ga "Ikon Allah" ta Bala Miller, wanda aka haifa a Pankshin. A 2008 kamfanin Soundway na Ingila shi ma ya yi haka: ya tattara kiɗan rawa na fank da disko, ya ce na dandalin Legas ne, alhali "Take Your Soul" da ke ciki ta 'yan Jos ɗin nan ce. Yau ana taka rawa da waɗannan kaɗe-kaɗe a Turai da Amurka, matasan Jos kuwa ƙalilan ne suka taɓa jin sunan ƙungiyar. Wannan asara ce, kuma mutanen Jos ne kaɗai za su iya mayar da ita.

Ba haka kawai irin wannan kiɗa ya tsiro a kan tsaunin Filato ba. Haƙar kuza da jirgin ƙasa sun tara Hausawa da Yarabawa da Ibo da Turawa a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere, ma'aikata masu albashi kuma suna neman inda za su huta ranar Asabar da dare. Otal-otal suka ɗauki makaɗa, makaɗan suka saurari James Brown, wanda ya zo Najeriya a 1970, suka gauraya salonsa da hailaif da gangunan gida. Shi ya sa ƙungiya mai suna Sahara, mazauniyar Jos, ta yi waƙa da Turanci ta kuma yi wata mai sunan Yarabanci, "Feso Jaiye". Faifansu na 1976 shaida ce ta yadda garin yake kafin rikici ya raba unguwanni, shaidar da za a iya sa wa yaro a kunne ya ji da kansa.

Wasu za su ce wannan ba kiɗanmu ba ne, kwaikwayon Amurka ne, kiɗan otal ne, gara a kashe ƙarfi wajen adana kuntigin Ɗan Maraya Jos. Girman Ɗan Maraya ba abin musu ba ne, amma gari ɗaya ne ya ɗauke su duka a zamani ɗaya, kuma tarihin da ya ɗauki rabi ya zubar da rabi gurgu ne. Ba sai mutum ya yarda da zaman otal ba kafin ya yarda cewa an yi shi. Jijiyar kiɗan otal ɗin nan ce kuma ta kai ga waƙar da Bongos Ikwue ya yi wa shirin talabijin na Cock Crow at Dawn da aka shirya a Jos, ta kai har ga P-Square da M.I da Ice Prince, waɗanda duk a garin suka tashi.

Wasu kuma suna ganin Turawan da ke yawon sayen tsofaffin faya-fayai kwashe mana dukiya suke yi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin faifan da aka saya da araha a bayan shago yana iya yin tsada sosai a waje, kuma wajibi ne a tambaya ko haƙƙin makaɗi ya isa hannun iyalinsa. Sai dai in ba don su ba, da wasu waƙoƙin sun ɓace ɗungurungum. Abin da baƙo ba zai iya ba shi ne sanin wane ne ya busa ƙaho, a wane otal ake wasa, ina 'ya'yan mai jita suke. Rashin wannan sani ne ke sa a jingina komai ga Legas, inda manyan kamfanoni irin su EMI suke a wancan zamani. 'Yan ƙasa sun nuna ana iyawa: Uchenna Ikonne ya bi diddigin makaɗan wancan zamani ya rubuta tarihinsu, a Legas kuma an kafa kamfanin Odion Livingstone don sake buga tsofaffin faya-fayai a gida.

Masu cewa komai yana intanet sun yi kuskure. Abin da wani ya ceto ne kawai ke can. Sauran suna cikin akwatuna, zafi na lanƙwasa su, kuma tun rikicin Jos na Satumban 2001 iyalai da dama sun sauya unguwa cikin gaggawa, mai gudun ceton rai kuwa ba faifai yake fara ɗauka ba. Jos ce mazaunin Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ma'ajiyarta ta fina-finai da sauti, ga Jami'ar Jos, ga gidan rediyo da talabijin na jiha. Su ya kamata su buɗe ƙofa a kawo faya-fayai a naɗe su a kwamfuta, a mayar wa masu su kayansu, a kuma ɗauki hira da tsofaffin makaɗan da suka rage. Mai karatu, in akwai faifan garmaho na mahaifinka a gida, kada ka zubar kuma kada ka sayar da gaggawa. Ajiye shi a tsaye a inuwa, ka rubuta sunayen da ke jikinsa, ka tambayi dattawan gida abin da suka sani tun suna raye.