Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Hannu Mudu Ne

Duk lokacin da likita ya ce wa ɗayanmu ya rage ƙiba, takardar da yake miƙa masa cike take da giram da mililita: shinkafa giram kaza, nama giram kaza. Mutum ya karɓa cikin ladabi, ya ninke, ya jefa aljihu, daga nan kuma zance ya mutu. Dalilin a fili yake. Madafinmu ba shi da sikeli, kuma babu magidancin da zai zauna gaban baƙi yana auna tuwo kamar mai sayar da zinari. A ganina wannan bai isa uzuri ba, domin ma'aunin da ake nema a jikinmu yake.

Sana'ata nazarin harshe ce, saboda haka ta kalmomi zan shigo. Kakanninmu da jiki suke awo: ƙyalle da kamu, igiya da gaba, ƙaramin abu da taƙi. Hatta mudun da ake fitar da zakkar fid da kai da shi, malaman fiƙihu sun kwatanta shi da cikin tafi biyu na matsakaicin mutum, huɗunsa kuma su ba da sa'i. Amma da zarar abinci ya dahu, sai kalmominmu su sassauta. Malmala, curi, ludayi da loma duk siffa suke nunawa, ba sa faɗin yawa. Wanda ya ce maka malmala biyu rak ya ci bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya maka girman marar da aka kwashe tuwon da ita ba, alhali malmalar wani gida ta yi uku ta wani.

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kasuwa haka ne. A gaban akushi kuwa ina da ja. A shekarar 2002, Barbara Rolls da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Fensilbaniya ta Amurka sun ba manyan mutane taliya da cuku a ranaku daban-daban, ana sauya yawan abin da ake ajiye musu daga giram 500 zuwa 1,000. Ranar da aka ajiye mafi yawa, abin da suka ci ya zarce na ranar mafi ƙanƙanta da kusan kashi 30 cikin 100, kuma ba su ji sun fi ƙoshi ba. Wato ciki yakan bi abin da ido ya tarar a kwano.

Dabarar awo da hannu daga Afirka ta fito. A 1993 wani likita a Zimbabuwe, Dakta Kazzim Mawji, ya tsara ta domin masu ciwon suga waɗanda ba su da sikeli, wasunsu ma ba sa karatu, daga baya masu kula da ciwon suga a Kanada suka ɗauke ta. Ga yadda aka fi koyar da ita a yau. Abinci mai sitaci, irin su tuwo, shinkafa da doya, gwargwadon dunƙulen hannunka. Nama ko kifi, faɗin tafinka ban da yatsu, da kaurin ɗan ƙaramin yatsa. Ganye da kayan lambu, iya abin da hannuwanka biyu za su ɗauka. Mai kuwa, kan babban yatsa kawai. Hikimar ita ce hannu yana tafiya da girman mai shi: ƙato yana da babban dunƙule, siririyar mace tana da ƙarami, kuma hannun da ka fita da shi Kano shi ne za ka isa Abuja da shi.

Dunƙulen matsakaicin mutum ya yi kusan kofi guda, kofin dafaffiyar shinkafa kuma yana ɗauke da kalori wajen 200. Mai karatu ya ɗora dunƙulensa kusa da tulin shinkafar da ake zuba masa a wurin biki, ya ƙirga da kansa.

Inda na fi son a tsaya shi ne batun mai, domin a nan ne ido ya fi cutar mu. Giram ɗaya na sitaci ko na furotin kalori 4 ne, na mai kuwa 9. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Biyu daga cikinsa sun fi dunƙulen shinkafa. To, sai ka ga mutum ya rage tuwo har yana jin jiri, amma mai na iyo a kan miyarsa, an kuma yaryaɗa man shanu, da safe ga ƙosai da masa da suka sha mai. Tun da ba a iya ganin man da ya riga ya shige miya, awonsa a bakin tukunya ake yi: uwargida ta daina tuttulawa daga kwalba, ta ƙirga cokula, ta raba da yawan masu ci. Kuka, kuɓewa, zogale da alayyafo ba su da laifi, a ci su a wadace.

Abin sha kuma hannu ba ya kama shi, sai a koma ga ƙaramin cokali. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato wajen ƙananan cokula 12 ga baligi, idan ma an tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo mai santilita 35 takan kwashe kusan 9 ita kaɗai, kafin a zo kan shayi, kunu, zoɓo da fura.

Saura cin tarayya, wanda ba na goyon bayan a watsar da shi saboda tumbi. Zumuncin da ke cikinsa ya fi ƙarfin haka. Abin yi shi ne, a gida ka gutsuri tuwo daidai dunƙulenka, ka ƙirga loma nawa ya ba ka. Ranar da aka haɗu a tire ɗaya, sai ka riƙe wannan adadi a zuci, ka ci a hankali, kana yawaita miya da hira, don kada ka riga kowa tsame hannu a ce ka raina girki. Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allura, da mace mai juna biyu, su kam kada su rage abinci sai da sanin likita.

Ko sakamakon ma ana iya duba shi ba tare da sikeli ba. A 2022 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar kewayen cikin mutum ya kasa rabin tsawonsa. Yanki igiya daidai tsayinka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta tsakanin ƙarshen haƙarƙari da ƙashin ƙugu. Idan bakunanta ba su haɗu ba, ka ajiye ta, ka sake gwadawa bayan wata guda.