Yaron da Ake Bari a Ɗaki Ranar Sallah

Rana ta uku ga Sallah, a duk shekarar da aka yi hawa, shirun da aka san Nassarawa GRA da shi yakan ɓace. Sarkin Kano kan fito ta Ƙofar Nassarawa, ya biya gidan sarautar da ke unguwar, ya wuce Gidan Gwamnati, al'adar da ta faro tun lokacin da sarki ke zuwa gaisawa da Razdan na Turawan mulkin mallaka. 'Yan bindiga na ɗurawa suna saki, kakaki da algaita na tashi, yara sun yi dafifi a bakin State Road, kowa da sabon ɗinki. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun gado na duniya. Sai dai a bayan dogayen katangun gidajen unguwar akwai yaron da ƙarar bindiga ɗaya ke tura shi bayan kujera, ya toshe kunnuwa, yana kaɗa jiki gaba da baya. Ba a kai shi kallon hawa, ba a kai shi gaida kaka. In baƙi sun yi sallama, sai a ce da mai aiki ta shige da shi ɗaki ta kunna masa katun har su tafi.

Likitoci na kiran larurarsa otizim. Kafafen labaran Hausa sun fi cewa galahanga, duk da cewa kalmar ta yi faɗi, don mutane na jibga mata kusan kowace larura da ta shafi girman ƙwaƙwalwar yaro. Tana da 'yan uwa da akan same su tare: rashin natsuwa da yawan motsi da ake taƙaita sunansa da ADHD, da wahalar karatu da ke sa yaro mai basira ya kasa haɗa baƙi da wasali. Ƙwaƙwalwar irin waɗannan yara ta ginu ne a kan wani tsari na daban, shi ya sa jinsu da ganinsu da fahimtarsu ga mutane suka bambanta da na sa'anninsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari na da galahanga. In haka ne, da wuya a sami babbar firamare a Kano da babu irinsa, ko an gane ko ba a gane ba.

Ni da kai in muka shiga Kantin Kwari, ƙwaƙwalwarmu kan tankaɗe hayaniya kamar rariya, ta ware ƙarar adaidaita sahu da kiran 'yan dako gefe, ta bar mana muryar mai shagon da muke ciniki da shi. Yara da yawa masu galahanga rariyarsu ba ta yin wannan aikin. Rurin janareta, ƙarar cokali a faranti, ƙamshin turaren wuta, kaushin zaren da aka yi aikin wuyan riga da shi, duk suna shigowa lokaci guda da ƙarfi ɗaya. Abin da ke riƙe yaron shi ne sabo. Ya san bayan wanka sai shayi a kofinsa shuɗi, bayan shayi sai mota ta bi hanyar da ta saba. Sallah kuwa ba ta barin ko ɗaya a wurinsa. Tun azumi lokacin barci da na abinci sun sauya. Ranar jajibiri a kai shi aski, in mace ce a zaunar da ita awa uku ana kitso da lalle. Da safe a zura masa shadda mai sitaci da hula da takalmin da bai saba da ƙafarsa ba, a ajiye masa tuwo da miyar taushe maimakon abin da ya saba ci, gida ya cika da mutane kowa na cewa "zo ka gaishe ni". A babbar Sallah a ƙara da kukan rago da ganin jini da ƙaurin babbaka.

In ya fashe, sai mu ce bori yake. Ina ganin kalmar nan ta cuce mu, domin da ita muke kiran rigimar yaro mai shagwaɓa, da ita kuma muke kiran hawan iska, sai fassarar ta tsaya a tsakanin biyun: ko an sangarta shi, ko akwai aljanu a kansa. A GRA an fi jin na farko, "ɗan Hajiya ne, ba a kwaɓarsa". A wasu gidajen a ce ɗan ruwa ne, ko kishiya ce ta yi masa sammu. Alhali akwai bambancin da kowace uwa za ta iya lura da shi. Mai shagwaɓa yana kuka yana satar kallonki, kina miƙa masa alewar ya yi shiru. Wanda hayaniya ta fi ƙarfinsa ba ya kallon kowa, ba abin da yake nema, alewa ba ta tsayar da shi, tsawa da bulala kuwa ƙara rura wutar suke. Ƙoƙonsa ne ya cika ya tumbatsa. Abin yi a lokacin shi ne a fitar da shi daga taron, a rage haske, a daina jero masa tambayoyi, a zauna kusa da shi har abin ya lafa.

Ɗora wa uwa laifi ba mu kaɗai muka yi shi ba. Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana larurar a 1943 bayan nazarin yara 11, kuma an shafe shekaru bayan nan masana a can suna cewa rashin janyo ɗa a jiki ne ke haddasa ta. Bincike a kan tagwaye ya rushe wannan zance, ya nuna gado ne ke da kaso mafi tsoka, sai wasu abubuwa da ke ƙara yiwuwarta, kamar haihuwar bakwaini da yawan shekarun iyaye, har da na uba. Allurar rigakafi ba ta jawo ta. Maƙalar da Andrew Wakefield ya buga a mujallar Lancet a 1998, wadda ta yaɗa wannan jita-jita, an janye ta a 2010, shi kuma aka soke sunansa daga rajistar likitocin Birtaniya. Mu a Kano mun san ɓarnar jita-jitar rigakafi tun dakatar da ɗigon shan inna a 2003. Haka nan yi wa yaro Hausa da Turanci a gida ba ya hana shi magana. Kada a hana kaka yi wa jikanta Hausa wai don kar a rikita shi.

Ban ce a bar addu'a ba. Wane Musulmi ne zai ga ɗansa cikin wahala bai kai kuka ga Allah ba? Abin da nake ƙi shi ne a danne yaro a turara masa hayaƙi mai yaji, ko a zabga masa bulala da sunan korar aljani, ko a kai shi gidan mari. Yaron da ƙamshin turare kaɗai ke gigitawa, a auna abin da wannan zai yi masa. Kuma shekarun da ake ɓatawa ana wannan zagaye su ne shekarun da horon magana ya fi kama jiki.

Alamomin kan fito da wuri. Yaro ya shekara ana kiran sunansa ba ya waiwaye, alhali yana jin ƙarar leda daga tsakar gida. Ya kai shekara ɗaya da rabi ba ya nuna abu da yatsa don ki duba. Ya fara 'yan kalmomi, sai suka ɓace. Nan ba wurin cewa "babansa ma bai yi magana da wuri ba" ba ne. A fara da gwajin ji, sannan a ga likitan yara. Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, wanda har yau ake ce wa Asibitin Nassarawa, yana cikin unguwar, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma na da sashen yara da na lafiyar ƙwaƙwalwa. Babu ƙwayar da ke warkar da galahanga, duk wanda ya ce yana da ita kuɗinka yake so. Magani ana bayar da shi ne don abin da kan biyo ta, kamar farfaɗiya da rashin barci.

Shirin Sallar irin wannan yaro yana farawa tun ana saura mako biyu. A karɓo ɗinkin da wuri, a ce wa tela ya sa shafi a bayan aikin wuya, a wanke kayan su yi laushi, a bar shi ya riƙa sawa na ɗan lokaci kullum. In ya ƙi, tsohuwar rigarsa mai tsabta ba ta ɓata Idi. Aski a yi shi a gida ana saura kwanaki, da almakashi in injin ne ke firgita shi. A nuna masa hotunan waɗanda za a je gaisarwa, a jere yadda za a bi gidajen, domin da yawansu sun fi gane abin da suka gani a kan abin da aka faɗa musu. Gida biyu a rana ya isa. A tafi da abincinsa da kofinsa, a kuma roƙi masu gidan tun kafin a iso su ware ɗaki ɗaya marar talabijin inda zai fake in abin ya yi masa yawa. Hawa kuwa, bana ya kalla a waya an rage murya, baɗi daga cikin mota gilashi a rufe, da abin toshe kunne. Wani zai kai ga tsayawa bakin titi, wani ba zai taɓa so ba, kuma ba a rage shi da komai ba.

Mafi wuya shi ne dangi. Tarbiyyarmu ta ginu a kan gaisuwa: yaro ya durƙusa, ya miƙa hannu, ya amsa "lafiya lau". Wanda bai yi haka ba, uwarsa ake kallo. Wannan kallon, da maganin da kowace gwaggo ke zuwa da shi a ƙulle a leda, su ne ke sa uwa ta ɓoye ɗanta duk da son da take masa. A nan aikin uba ne. Shi ya kamata ya je wurin mahaifiyarsa tun kafin Sallah, ya zauna ya ce: "Hajiya, jikanki yana da larura, likita ya duba shi. Ba rashin kunya ba ce. In mun zo kada a ɗaga shi, kada a tilasta masa gaisuwa, ki bar shi ya zo wurinki da kansa." Abin da matar ɗa ba za ta iya faɗa ba, ɗa yana iya faɗa. Kaka kuma in ta gane, babu wanda zai ƙara taɓa yaron nan a gabanta.

Bayan Sallah ma uwar nan tana nan da ɗawainiyarta. Akwai wadda ta shekara ba ta yi barcin dare cikakke ba, ta daina zuwa biki da suna. 'Yar uwa ta karɓe ta yini ɗaya a mako ya fi mata tarin shawara amfani. A kuma tuna da yayarsa 'yar shekara goma da aka mayar mai raino, wadda ta rasa yawon Sallah saboda shi, ita ma a ware mata ranarta. Hukumar Lafiya ta Duniya na da shirin horar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9, wanda ke koya musu mayar da wanka da cin abinci da wasa darasin magana, don a gida ake yin mafi yawan aikin.

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda ta ba su haƙƙin karatu kamar kowa. Duk da haka iyaye na ci gaba da jin "ku nema masa wata makarantar". Makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki an fi saninta da kurame da makafi. Mai hali a GRA na iya ɗaukar malami a gida ko ya tafi Abuja ko Legas. Uwar da ke Gama ko Tudun Wada, tafiyar 'yan mintuna daga nan, ba ta da wannan zarafin. Jami'ar Bayero na da sashen ilimin masu buƙata ta musamman. Kamata ya yi gwamnatin jiha ta ɗauki ɗalibansa ta rarraba a firamare, ta kuma koya wa ma'aikatan asibitocin unguwa tambayar uwa ranar rigakafi ko ɗanta na waiwaye, ko yana nuni da yatsa.

Kai kuma mai karatu, in Allah ya kai mu Sallah ka shiga gidan da ka san akwai yaron da ba a fito da shi ba, ka tambaye shi da sunansa. In an yarda ka shiga, ka zauna nesa kaɗan, ka yi ƙasa da murya, ka ajiye masa goron Sallarsa a gefe, kada ka jira godiya. Kafin ka tashi, ka tambayi uwarsa wace rana za ku karɓe ta ta huta.