Awon Kwale-kwale Kafin Sayen Ƙaramin Inji

Shirinmu na musamman yau daga Jidda yake, birnin da Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, ya mai da shi tashar jiragen Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, wanda har gobe mutanensa ba su yaye kansu daga Bahar Maliya ba.

Duk wanda ya yi sammako zuwa Bangala, babbar kasuwar kifi ta birnin, ya ga najil da hamur da sha'ur jibge bisa ƙanƙara, ya kamata ya sani galibin irin waɗannan kifaye a gindin duwatsun murjani ake kamo su da fatsa, inda ruwa ba shi da zurfi, inda kuma rurin babban injin fetur kan kore su tun kafin ƙugiya ta nutse. Saboda haka ne wasu ma'abota ƙananan jirage, musamman masu fita daga mashigin Ubhur da ke arewacin birnin, suke ɗaura wani ƙaramin inji mai aiki da batir, wanda ke tura jirgi sannu a hankali ba hayaniya, ya kuma riƙe shi wuri guda ba sai an jefa anga ta farfasa murjani ba. Wani Ba'amurke, O. G. Schmidt, shi ya fara ƙera irinsa a garin Fargo a 1934, kamfaninsa kuwa shi ne Minn Kota.

Ƙarfin wannan inji da laba ake faɗinsa, ƙa'idar da masu sana'ar suka daɗe a kanta kuwa ita ce laba 2 ta ƙarfin turi ga kowace laba 100 ta nauyin jirgi. Amma fa wane nauyi? Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin abin da maƙeri ya rubuta a takarda nauyin gangar jirgin ne tsurarta, alhali kuwa abin da inji zai tura shi ne jirgin da duk abin da ke cikinsa a sa'ar da ya fi kowace sa'a nauyi.

Mu ƙaddara jirgi ne mai tsawon mita 5, wanda takardarsa ta ce kilo 400. A ɗora masa babban inji, a ce kilo 100. Mazaje uku, kilo 225. Fetur lita 50, wanda bai kai ruwa nauyi ba, kamar kilo 37. Akwatin ƙanƙara kilo 60. Batura biyu kilo 50. Anga da igiya da ruwan sha kilo 40. Sa'an nan abin da Allah Ya hore na kifi, a ce kilo 50. Jimla ta doshi kilo 1,000, wato laba 2,200, wadda ke bukatar turin laba 44. Wanda ya dogara ga takarda kaɗai, hisabinsa zai tsaya a laba 18, bai ko kai rabin abin da yake bukata ba.

To, tsohon jirgi fa, wanda takardarsa ta ɓata tun tuni? Mafi inganci shi ne a ja shi bisa tirela zuwa sikelin manyan motoci, a auna su tare, a dawo a auna tirelar ita kaɗai, a ɗebe. In hakan ya faskara, akwai hukuncin da masanin Yunanawa Arkimidis ya bayyana, cewa duk abin da ke bisa ruwa yana ture ruwa daidai nauyinsa. Sai a auna tsawon jirgin a bakin ruwa, da faɗinsa, da iyakar nutsewarsa, a riɓanya su, a ɗauki kimanin rabi saboda cikinsa ba murabba'i ba ne: mita 5 sau 1.6 sau 0.25 ya ba da 2, rabinsa 1, wato kusan tan guda. Ruwan Bahar Maliya kuwa, da yake gishirinsa ya kai kashi 40 cikin 1,000 alhali na manyan tekuna 35 ne, ya ɗara nauyi kaɗan, don haka sai a ƙara wani abu a kan lissafin.

Ni dai a ganina, bai halatta mai jirgi a Jidda ya tsaya daidai kan adadin da hisabi ya ba shi ba, domin iskar arewa da ke kaɗawa a wannan gaɓa mafi yawan shekara takan tashi da rana, kuma jirgin da injinsa ya gaza a kusa da murjani, rayukan bayin Allah ne a cikinsa. Mai bukatar laba 44 ya sayi na 55, wanda shi ne iyakar abin da batir guda mai bolt 12 ke ɗauka. Wanda ya haura haka ya koma na bolt 24, mai kai wa laba 80, ya kuma sa nauyin ƙarin batir ɗin a lissafi. Ya tabbata kuma na ruwan gishiri ya saya, ba na tabki ba, ya riƙa ɗauraye shi da ruwan daɗi duk ranar da ya dawo.

Mu kwana nan, sai wani makon in Allah Ya kai mu.