Medicare a Amurka: inshorar gwamnati ce, amma ba kyauta ba ce

Yau Amurka za mu leƙa, mu duba inshorar lafiyar da gwamnatin tarayya ke yi wa tsofaffi da naƙasassu, wato Medicare. Mutane da yawa da sun ji an ce ta gwamnati ce sai su ɗauka kyauta ce. To, ina!

Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa hannu a dokar a 1965, don waɗanda suka kai shekara 65. A 1972 aka shigar da naƙasassu, amma yawancinsu sai sun yi wata 24 suna karɓar tallafin naƙasa kafin ta fara aiki a kansu. Shekara biyu cur fa, ga mutumin da ba shi da lafiya.

An raba ta sashe-sashe. Sashen A na kwanciya asibiti ne. In ka yi aikin shekara 10 ana cire maka harajin kashi 1.45 cikin 100 daga albashi, ba ka biyan kuɗin wata-wata. Amma a lissafin 2025, in aka kwantar da kai, dala 1,676 ta farko daga aljihunka za ta fito.

Sashen B, na ganin likita da gwaje-gwaje, nan gizo ke saƙa. A 2025 dala 185 aka riƙa biya duk wata, galibi daga kuɗin fansho ake cirewa tun kafin su zo hannunka. Sannan, a lissafin 2025 ɗin, ka biya dala 257 ta farko a shekara, abin da ya biyo baya kuma kashi 20 cikin 100 naka ne. Kuma wannan kashi 20 ɗin ba shi da iyaka. Misali maganin daji ya ci dala 50,000, ka ga wajen dala 10,000 tana wuyanka ke nan. Shi ya sa masu hali ke sayen ƙarin inshora daga kamfanoni, marasa ƙarfi kuma su nemi taimakon Medicaid.

Akwai kuma tara. Ka kai 65, ba ka da inshorar wurin aiki, ka ƙi yin rajista? Kowace shekarar jinkiri ƙarin kashi 10 ne. Jinkirin shekara uku, a lissafin 2025, dala 185 ta zama 240.50 a wata, kuma haka za ka yi ta biya har ƙarshen rayuwa. Ni dai a ganina wannan hukunci ya yi tsauri.

Ta ɓangaren magunguna, wato Sashen D, an samu sauƙi: a 2025 an ƙayyade abin da mutum zai biya a shekara kada ya wuce dala 2,000, insulin kuma tun 2023 ba ya wuce dala 35 a wata.

'Yan'uwanmu da ke can, ku kula da abu biyu. Iyayen da kuka kai da katin zama na dindindin sai sun yi shekara biyar a jere kafin su iya shiga, kuma tunda ba su biya harajin ba, a lissafin 2025 Sashen A kaɗai zai iya cin dala 518 a wata. Wanda kuma ya yi ritaya ya dawo Kano, Damagaram ko Kumasi, Medicare ba za ta biya masa kuɗin asibitin gida ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.