Sandar Tokare da Santsin Fadama: Yadda Tayar Baya Ke Kama Ƙasa

Ƙasar Haɗeja iri biyu ce a wurin direba. Akwai jigawa, wato tudun rairayi wanda daga gare shi jihar ta samo sunanta da aka ƙirƙiro ta a 1991, akwai kuma fadama mai baƙar laka wadda Kogin Haɗeja ke malalewa a kanta a watannin Agusta da Satumba. Daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, motar da ta ɗauko shinkafa ko tumatir ko kifi tilas ta ratsa ɗayansu, sau da yawa ma duka biyun, kafin ta hau kwalta. Idan ta kafe, inji yana ruri, tayoyin baya suna juyawa a wuri ɗaya, to, tumatir ba ya jiran kowa, balle mai naƙuda da aka nufi asibiti da ita. Mutane sukan ce motar ba ta da ƙarfi. Galibi ba haka ba ne. Ƙarfin yana nan, hanyar sauke shi a ƙasa ce ta gagara.

Wannan matsala ita ce ta dami masu tseren motoci a Amurka, ko da yake su a kan busasshiyar kwalta suke fama da ita. Ɗaya daga cikin magungunan da suka fi yarda da su shi ne sauya wani dogon ƙarfe da ke ƙarƙashin mota, wanda a nan za mu kira sandar tokare. Ya kamata mu san aikinsa, mu kuma auna ko zai yi wa direban fadama rana.

Abin da ke murɗe aksil

A shekarar 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai wa daida. Masunci ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba: in ya tsaya cikin kwalekwale ya yi ƙoƙarin juya wani abu mai nauyi zuwa dama, kwalekwalen zai karkata zuwa hagu. A fagen nazarin halittu ma muna da misali a jikin katangar kowane gida. A 2012 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili sun nuna cewa ƙadangare mai jan kai, irin namu ɗin nan, idan ya yi tsalle daga wuri mai santsi sai ya ɗaga wutsiyarsa sama, wannan kuwa shi ke hana kansa nutsawa ƙasa. Wutsiya ta juya ta nan, gangar jiki ta juya ta can.

Haka abin yake a bayan mota. Inji yana juya furofela, furofela ta shiga tulun da ke tsakiyar aksil, haƙoran da ke cikin tulun su juya tayoyi gaba. To, gwargwadon ƙarfin da ke juya tayoyin gaba, gwargwadonsa ne ke neman juya gidan aksil ɗin baya, har hancin tulun ya ɗaga sama. Dole ne wani abu ya riƙe shi. Maƙeran motoci sun bi hanyoyi daban-daban wajen wannan riƙo, kuma a nan ne motoci suka sha bamban.

Hanya mafi araha ita ce a bar wa sifirin aikin. Motocin akori-kura irin su Toyota Hilux suna da sifirin mai ganye-ganye, wanda ke ɗauke da kaya, yana kuma riƙe aksil kada ya juya. Aiki biyu ke nan a wuyan abu ɗaya. Idan direba ya saki kuloci da ƙarfi, sifirin yakan lanƙwashe kamar maciji, taya ta zame, sifirin ya miƙe da ƙarfi, taya ta sake kamawa, sai kuma ya sake lanƙwashewa. Wannan ne ke sa ka ji bayan mota yana tsalle yana bugawa a cikin rairayi. Duk lokacin da taya ta bar ƙasa, ba ta tura komai, in ta dawo kuma sai ta haƙa rami. Bugun nan shi ke cinye gaɓoɓin furofela, ya kuma karya ganyen sifirin.

Hanya ta biyu kuwa ita ce a raba aikin. A bar wa sifirin ɗaukar nauyi kawai, a kawo dogon ƙarfe a ɗaure gindinsa gam a jikin tulun aksil, a miƙa kansa gaba a maƙala a tsakiyar mota. Duk lokacin da aksil ya nemi juyawa, ƙarfen ya tokare shi. Motocin Chevrolet Camaro da Pontiac Firebird da aka ƙera daga 1982 zuwa 2002 da irin wannan sanda suka fito, tana kwance a gefen furofela, kanta yana jikin wutsiyar akwatin giya.

Mun daɗe da ita ba mu sani ba

Wanda ya yi tafiya a motar haya a shekarun 1980 da 1990 tsakanin Kano da Haɗeja ya zauna a kan 'yar'uwar wannan dabara. Peugeot 504, wadda kowa ke ce wa Fijo, ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, ya ci gaba da 504 har tsakiyar shekarun 2000. Doguwarta, wadda direbobi ke kira wagon, furofelarta ba a fili take ba. Tana cikin wani bututun ƙarfe mai kauri wanda ya haɗa akwatin giya da tulun aksil, kuma bututun ne ke tokare aksil ɗin, yana kuma tura motar gaba. Sifirinta na baya masu naɗi ne, biyu a kowane gefe, ba ruwansu da murɗiya. Dabarar tsohuwa ce, don kuwa Ford Model T ta 1908 da ita ta fito.

Saboda haka Fijo ta samu damar yin sifirin mai laushi da dogon zango, tayarta tana bin ramuka tana manne da ƙasa. Ba banza ba 404 ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, sa'an nan 504 ta ci a 1975 a hannun Ove Andersson, mutumin Suwidin. A ganina, sunan da Fijo ta yi a hanyoyin karkara, rabinsa na wannan bututu ne da sifirin, ko da yake inji ne ya kwashe yabon.

Me masu tsere ke sauyawa?

Sandar da Camaro ta fito da ita daga masana'anta, da fallen ƙarfe aka buga ta, tana kuma lanƙwasawa idan aka ƙara wa inji ƙarfi. Masu tsere sukan cire ta su sa ta bututun ƙarfe wadda ba ta lanƙwasa, su maye gurbin robar da ke kanta da wadda ta fi tauri. Waɗansu sukan ɗauke kan sandar daga wutsiyar akwatin giya su mayar da shi kan wani ƙarfe da suka gitta a ƙarƙashin mota, domin wutsiyar takan tsage idan bugu ya yi yawa. Sabuwar sandar tana da noti na daidaitawa, wanda da shi ake sunkuyar da hancin tulun ƙasa kaɗan, kamar digiri 1 ko 2, ta yadda in mota ta yunƙura ya ɗaga, zai zo daidai da layin furofela.

Sai batun tsawo, wanda ya fi sauran daɗin lissafi. Mu ɗauki misali da adadi masu sauƙi. A ce injin mota yana ba da ƙarfin murɗawa na mita-niyutan 160, giya ta ɗaya ta ninka shi sau 3.6, tulun aksil ya ƙara ninkawa sau 3.9. Abin da zai iya isa ga tayoyi ya kai kusan 2,250. Idan daga tsakiyar taya zuwa ƙasa mita 0.3 ne, tayoyin za su iya tura ƙasa da niyutan 7,500. Amma ƙasa ba ta karɓar duk abin da aka ba ta. Tun 1699 Bafaranshe Guillaume Amontons ya nuna cewa riƙon da ke tsakanin abubuwa biyu ya danganta da nauyin da ke danne su. A ce kilo 700 ne a kan tayoyin baya, wato kimanin niyutan 7,000. Busasshiyar kwalta tana riƙe wajen kashi 8 cikin 10 na wannan, wato 5,600. Duk abin da ya haura haka, hayaƙin taya ne kawai.

A wannan hali murɗiyar da ke kan aksil ita ce 5,600 sau 0.3, wato 1,680. Idan tsawon sanda mita 1.5 ne, kanta zai ɗaga jikin mota da niyutan 1,120. Idan aka gajarta ta zuwa mita 1, sai ya zama 1,680. Yadda kan sanda ke ɗaga mota, haka gindinta ke danna aksil ƙasa. Wannan ne abin da mai tsere ke nema: a daidai ƙiftawar idon da ya saki kuloci, tayar ta dannu nan take ta hanyar ƙarfe, ba sai ta jira bayan mota ya tsuguna a kan sifirin ba.

Ɗalibi ya lura da wani abu a nan, domin masu tallar kayan nan ba su cika faɗinsa ba. Sandar ba ta ƙirƙiro nauyi. Yawan nauyin da ke komawa baya idan mota ta yunƙura, tsayin cibiyar nauyinta da tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya su ne ke yanke shi. Sanda dai tana sauya hanyar da nauyin ke bi da saurin isarsa, tana kuma hana tsalle. Tana da illarta kuma. Idan aka taka birki, murɗiyar takan juya, sandar ta nemi ɗaga aksil sama, in kuwa ta cika gajarta sai tayoyin baya su riƙa tsalle a daidai lokacin da ake bukatar su tsaya.

A mayar da lissafin fadama

Ƙwayar yumɓu ba ta kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba, kuma a shimfiɗe take kamar ɓawon kifi. In ruwa ya shiga tsakanin ƙwayoyin, sai su riƙa zamewa a kan juna. A irin wannan taɓo, taya ba ta rabuwa da ƙasa, ƙasar ce ke rabuwa da kanta. A ce riƙon ya sauko zuwa kashi 2 cikin 10. Motar nan tamu yanzu niyutan 1,400 kaɗai za ta iya turawa, murɗiyar aksil kuma ta koma 420. Sanda mai mita 1.5 za ta danna da 280, mai mita 1 kuma da 420. Bambancin 140 ne, wato kilo 14, bai ma kai nauyin jarkar ruwa mai lita 20 ba. Buhun shinkafa ɗaya da aka aza daidai saitin aksil ya fi shi tasiri nesa ba kusa ba.

Ga kuma wata matsala da sanda ba ta da iko a kanta. Tulun aksil na yawancin motoci yana raba murɗiya daidai ga tayoyi biyu, domin mota ta iya shan kwana. Idan taya ɗaya ta faɗa taɓo, ɗan abin da ta iya riƙewa shi ne iyakar abin da 'yar'uwarta da ke kan tsandauri za ta samu. Maganin wannan shi ne tulu mai kulle kansa, irin wanda ake sa wa taraktoci da waɗansu motocin daji.

Dabbobin wannan yanki sun riga mu warware matsalar, kuma ba ta hanyar ƙarfi suka bi ba. Tafin raƙumi yana bajewa idan ya taka rairayi. Kofaton saniya biyu suna warewa a cikin laka, sa'an nan su haɗe in ta ɗaga ƙafa. A dausayin Baturiya, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, akwai wani tsuntsu mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado ba ya nutsewa. Dukansu faɗaɗa wurin taku suke yi. Direban da ya rage iskar tayarsa kafin ya shiga rairayi, ya tashi da giya ta biyu yana lallaba totur, koyi yake yi da raƙumi, sai dai wajibi ne ya mayar da iskar kafin ya yi gudu a kwalta, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe.

To, a ina sandar tokare za ta yi amfani a ƙasar Haɗeja? A kan jigawa da hanyar burji mai gargada, inda akori-kura mai nauyin kaya ke tsalle tana karya sifirin. A can, sanda ɗaya da aka auna da kyau za ta kwantar da aksil. Amma aikin ba na kowane mai walda ba ne. Sifirin mai ganye yana miƙewa yana tanƙwarewa, aksil yana matsawa gaba da baya kaɗan, saboda haka tilas kan sandar ya zauna a kan maratayi mai lilo. Idan aka ƙame shi da walda a jikin mota, sanda da sifirin za su yi ta jayayya har ɗaya ya karye, sandar da ta karye daga gaba kuwa tana iya cakar ƙasa mota tana gudu. Ƙarin ganyen sifirin da kanikawa suka saba yi yana rage lanƙwasa, gaskiya ne, amma yana sa bayan mota ya ƙage, in babu kaya sai taya ta riƙa tashi a kan kowane tudu. Kafin duk wannan, a duba shokozoba da robobin sifirin, domin da yawa daga motocin da ke tsalle, nasu ne suka mutu.

Malamin da ke son nuna wa ɗalibai wannan darasi ba ya bukatar Camaro. Yawancin baburan da ke garin nan masu birkin ganga suna da wata siririyar sanda a gefen tayar baya, wadda ta haɗa farantin birki da ƙarfen da ke riƙe da taya. A kafe babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, a juya tayar da hannu, wani ya taka birki, ɗalibi kuma ya ɗora yatsa a kan sandar. Zai ji fizgar da take sha a lokacin da farantin ya nemi bin taya. Daga nan a auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar taya da notin sandar, a auna ta tsakiyar taya zuwa ƙasa, a raba ta biyu da ta farko, a ga sau nawa ƙarfin da ke kan wannan ɗan noti ya ninka wanda ke tsakanin taya da hanya.