Yadda aikin wata ɗaliba ya taimaki mara lafiya bayan shekara 8

A ƙarshen kowane zangon karatu, ɗaliban kimiyya kan miƙa rahoton binciken da suka yi a ɗakin gwaje-gwaje, su karɓi maki, su tafi hutu. Da yawansu na ɗaukar cewa aikin ya ƙare ke nan. Labarin wata ɗaliba a Afirka ta Kudu ya nuna cewa ba kullum haka abin yake ba.

A shekarar 2010, ɗalibar, wadda ke karatun digirin farko a Jami'ar KwaZulu-Natal da ke birnin Durban, ta kankaro ɗan ƙasa daga ƙarƙashin wani ruɓaɓɓen yalo. Tana cikin ɗaliban da aka sa su farautar wani nau'in bairos da ake kira bakteriyofaj. Wannan bairos ba ya kama mutum. Ƙwayoyin bakteriya yake shiga, ya hayayyafa a cikinsu har su fashe.

Aikin na buƙatar haƙuri. Ɗalibi zai jiƙa ƙasar, ya tace ruwan, ya zuba a kan farantin da aka shuka bakteriyar Mycobacterium smegmatis, 'yar uwar ƙwayar tarin fuka amma marar haɗari. Idan aka wayi gari aka ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo sun washe a farantin, alama ce bairos ɗin ya cinye bakteriyar wurin. Sau da dama ba a ganin komai, sai a sake ɗebo wata ƙasar. Ita ta dace, kuma ta raɗa wa abin da ta samu suna Muddy.

Daga nan aka adana shi a firiza a ɗakin binciken Farfesa Graham Hatfull na Jami'ar Pittsburgh a Amurka. Shi ne jagoran shirin SEA-PHAGES da aka fara a 2008, inda ɗalibai ke ware bairos a zango na farko, a karanta ƙwayoyin halittarsa lokacin hutu, su kuma yi nazarin sakamakon a zango na biyu. Ta wannan hanya aka tara sama da 10,000.

A 2017 aka yi wa wata yarinya 'yar shekara 15 dashen huhu a asibitin Great Ormond Street da ke Landan, sakamakon wata cutar gado da ke cika huhu da majina mai kauri. Bayan aikin sai bakteriyar Mycobacterium abscessus ta bazu a jikinta, ta taɓa hanta, ta fito da ƙuraje a fata, magunguna kuma suka gaza. Likitocinta suka aika samfurin ƙwayar zuwa Pittsburgh.

Da aka bi tarin da ɗalibai suka bari, Muddy ne ya fi kashe ƙwayar. Aka haɗa shi da wasu biyu, ZoeJ da BPs, bayan an yi musu gyaran ƙwayar halitta. A 2018 aka soma yi wa yarinyar allurarsu ta jijiya sau biyu a rana. Raunin tiyatar ya rufe, hantarta ta farfaɗo, ta koma gida, duk da cewa ƙwayar ba ta gushe gaba ɗaya ba. Mujallar Nature Medicine ta wallafa sakamakon a watan Mayun 2019.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne aikin da ɗalibai kan ƙosa da shi a makon ƙarshe: tsaftace samfuri, rubuta inda aka samo shi da ranar, da ajiye shi inda wani zai iya nemowa. Yayin da ƙwayoyin cuta ke ƙara bijire wa magunguna, likitoci daga ƙasashe daban-daban na ci gaba da tuntuɓar ɗakin binciken na Pittsburgh don neman irin wannan taimako.